Motar da Baba Bai Ja Ba

Ranar wata Asabar ce, mako biyu bayan Babbar Salla, a shekarar da nake aji biyar na firamare, aka fara tayar da motar. Baba ya riƙo hannuna tun daga gidanmu na Fagge muka tsallaka Sabon Gari a ƙafa, ina sanye da kayan sallata, lallen ƙafata ma bai gama gogewa ba. Muka tarar garejin Oga Chidi ya cika maƙil da teloli da direbobi da 'yan dakon Kantin Kwari, har da wani mai rake da ya bar baronsa a bakin titi ya kutsa ciki. A tsakiya motar take, ja jawur da sabon fenti, an cire mata kujerun baya, an yi waldar ƙarafa a cikinta kamar kejin kaji. Baba ya cire hula ya miƙa mini, ya shiga, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, a na uku ta kama da wata ƙara da ta sa tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Mutane suka ɗauki sowa, Oga Chidi ya rungume bakanikensa da hannu duk baƙin mai. Ban taɓa ganin haƙoran Baba duka a waje ba sai ranar.

A lokacin ana yin wani tseren motoci na jeji, a tashi daga Kano a bi burji da rairayi kwana biyu. Masu shiga galibi Turawa ne da Kwarori da 'ya'yan manya, mu namu kallo da tafi. Sai mutanen layinmu suka ce su ma a bana sai sun saka mota. Oga Chidi, wanda ya zo Kano tun yana saurayi har Hausarsa ta fi ta wasunmu, ya ba da wata tsohuwar mota da aikin hannunsa kyauta, sauran suka yi karo-karo. Maganar wanda zai ja kuwa ba a ma tsaya tattauna ta ba, kowa ya san Habu direba ne, wato Babana. Tun kafin a haife ni yake kai dilolin atamfa daga Kwari zuwa garuruwan bakin iyaka, inda kwalta ba ta kai ba, kuma ana cewa da ido yake gane rairayin da zai riƙe mota da wanda zai sake ta.

Mu biyar ne a gidan, duk mata, ni ce ta uku. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana, shi ya sa kuma na fi kowa samun sarari. Bakina ba ya shiru. Ko a wajen carafke ko 'yar gala-gala, in aka yi mini zamba sai duk layi ya ji. Takardar ƙa'idojin tseren da Turanci aka rubuta ta, Baba kuwa allo kawai ya yi, don haka ni nake karanta masa bayan la'asar, in na gama wanke-wanke na dawo daga kai markaɗe. Rabin abin da nake fassarawa ƙirƙira ce, shi kuma yana ta gyaɗa kai. Daga nan sai mu shiga gwaji. Ya zauna a kan kujera 'yar tsugunne ya riƙe faifan Inna a matsayin sitiyari, ni kuma in hau kan turmin da aka kifar in zama Oga Chidi, wanda shi ne zai zauna gefensa yana karanta hanya. Ina cewa dama, hagu, ga gada, ga rami, yana karkatar da jiki yana taka birkin da babu. Inna tana tankaɗe tana cewa a ba ta faifanta tun tuwon dare bai koma na gobe ba. Duk wanda ya ga Baba a wannan zaman ya san abin nan ya shiga ransa, amma da baki bai taɓa faɗa ba.

Saura wata guda a yi tseren, kuɗin karo-karo suka ƙare. Ba tayoyi, ba hular kwano, ba mai, kuɗin rajista ma ba a biya ba. Aka lulluɓe motar da tampol, kajin gareji suka mayar da ƙarƙashinta gida. Dole aka je wurin Alhaji Bukar, ubangidan Baba, wani dattijo ɗan asalin Barno da kakanninsa suka daɗe a Kano, mai manyan shaguna a Kwari. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, shi ya biya wa yayata kuɗin asibiti lokacin da ta karye. Nan take ya ce ya ɗauki nauyin duk abin da ya rage. Da za su tashi ne ya ƙara da cewa ɗansa Modu, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Legas ba, shi ma yana sha'awar abin. Bai ce a ba shi ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma kafin magariba maganar ta raba layinmu biyu.

A majalisar Malam Isa tela aka fi tafka musun. Shi Malam Isa ɗan ga-ni-kashe-nin Baba ne, har yakan dakatar da keken ɗinki ya ce gudun da Modu yake yi a Titin Ibrahim Taiwo da yamma ba tuƙi ba ne, tsorata masu keke ne. Wasu suka ce ai wanda ya sayi taya shi ke da ikon cewa wa zai murza ta, kuma in aka ɓata wa Alhaji rai, baɗi wa za a je wa? Wasu suka ce yaro ne, ya fi kaifin ido, kuma yana jin Turancin masu tseren. Akwai aminai biyu da suka yi mako ba sa gaisawa a kan wannan. Har makarantarmu abin ya kai. Yara maza da ke ƙera motocin kara da na gwangwani suka koma kiran wata Habu wata Modu, ni kuwa na fasa wa wani yaro tasa saboda ya ce Babana ya tsufa, na sha bulala shida ban yi kuka ba.

Da abin ya yi yawa aka kira zama a gareji ranar wata Talata. Ban je ba, a bakin Malam Isa na ji, yana ba da labarin a ƙofar gidanmu. Ya ce Alhaji ya dubi Baba a gaban kowa ya ce shi ne babba, shi ya san hanya, shi zai ja. Baba kuwa ya sunkuyar da kai ya ce a'a, ai ga Modu, yaro ne mai jini a jika, a ba shi. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san wannan kara ce. Haka Baba yake yi ko abinci aka miƙo masa, sai an ce ya ci sau biyu, sau uku, sannan ya sa hannu. Abin da kowa ke jira shi ne Alhaji ya sake cewa a'a, kai dai za ka ja, Baba ya ƙara noƙewa kaɗan, sannan ya karɓa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Amma kafin Alhaji ya buɗe baki, Modu ya miƙe ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ce ya gode, ba zai ba shi kunya ba. Har yau ban yarda mugunta ce ba, yaron bai san yadda ake yi ba ne kawai. A haka aka shafa fatiha.

Ranar ba a yi gwaji a tsakar gida ba. Baba ya zauna a kan tabarma yana ta gyaran wata tocila da ba abin da ya same ta. Na tambaye shi ko in ɗauko takarda, ya ce in bar ta, in huta.

Washegari da aka tashe mu daga makaranta ban nufi gida ba. Da kayan makarantata da jakar buhu a kafaɗa na ratsa cikin Kwari, ina kauce wa 'yan dako da masu kura, har shagon Alhaji Bukar. Shagon cike yake, ga fatake daga Nijar ana auna musu shadda, ga maƙwabtan shago suna hira. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Alhaji, Babana yana son ya ja motar nan. Kara kawai ya yi muku, ku kuma kuka karɓe." Sai wani ya fashe da dariya, wani daga baya ya ce ashe Habu aike ya yi. Fuskar Alhaji ta canza. Ya sa aka kira Baba daga inda ake yi masa lodi, ya ce masa a gaban jama'ar nan ga mota, in yana so ya ja, ba wanda zai hana shi.

Baba ya durƙusa, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, shirmen yara ne. Na riga na ba Modu, magana ta ƙare."

Ya rako ni gida yana gaba ina baya. Bai dake ni ba, bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Inna ce ta ja ni ɗaki ta gaya mini abin da na ɓata. Ashe tun daren Talata Malam Isa da Oga Chidi sun samu wani yayan Alhaji, an shirya bayan sallar Juma'a za a zauna a cikin gida a fahimtar da Modu, shi Modun da kansa ya ce wata tafiya ta taso masa, ya roƙi Baba ya taimaka ya ja. Alhaji ma ya amince, don shi kansa abin ya dame shi. Kwana biyu kawai ya rage. Yanzu kuwa da duk Kwari ta ji, in Baba ya karɓa za a ce ya ba da abu da baki ya aiki 'yarsa ta ƙwato, in Modu ya janye za a ce yarinya 'yar aji biyar ta kore shi. Ba wanda ya sake tayar da maganar. Na yi kukan da ban yi ba ranar bulala.

Ranar tseren Baba ne ya fara zuwa wurin tashi. Ya zagaya motar ya daddanna tayoyin, ya leƙa ta taga ya yi wa Modu bayanin wuraren da zai kiyaye, ya yi masa addu'a. Da aka ɗaga tuta ya koma cikin 'yan kallo yana tafi kamar kowa. Modu bai yi hatsari ba, bai kuma ci ba. Motar ta kafe masa a wani rairayi har kusan awa biyu, shi da Oga Chidi suka yi ta haƙa da hannu, suka iso cikin na ƙarshe-ƙarshe. Majalisar Malam Isa ta samu abin musu na shekara guda, wasu na cewa ai ya kai ta gida, wasu na cewa da Habu ne da an ga abu. Baba dai in aka tambaye shi sai ya ce yaron ya yi ƙoƙari. Shekarar da ta biyo baya kasuwa ta yi sanyi, ba wanda ya iya sake ɗaukar nauyi, aka mayar wa motar da kujerunta aka sayar wa wani mai jigilar tumatir. Baba ya ci gaba da kai diloli har idonsa ya fara rauni.

Yanzu inda garejin yake shagunan waya ne a jere, Oga Chidi ya koma garinsu tuntuni, majalisar Malam Isa kuma ta watse da rasuwarsa. 'Ya'yana maza sukan haɗa kai a kan waya suna kallon tseren ƙasashen waje, suna musu a kan wani direba da aka sauke saboda wani ya zo da masu zuba kuɗi. Zafinsu iri ɗaya ne da na mutanen layinmu, sai dai su ba su san direban ba, ba za su haɗu da shi a masallaci ba, ba za su ga yadda yake zama a gidansa da yamma ba.

A jinyar Baba ta ƙarshe, wata rana ina ba shi kunu, na tattaro ƙarfin hali na roƙe shi gafarar abin da na yi a Kwari. Ya ce ba komai, ai ya manta, kuma Modu ya ja da kyau. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan, na ci gaba da juya kunun. Can sai ya ce, idonsa a kan rufin ɗaki, "Amma rairayin nan da ya kafe, Uwata, ba ta tsakiya ake bi ba. Ta gefen hagu ake shiga, da giya ta biyu."

Shekara talatin da wani abu ke nan yana jan motar nan shi kaɗai, ban sani ba.