Mai Ɗaukar Hoton Ƙwai

Ita ce ta taɓa tashi ta ba ni kujerarta a jirgin ƙasan da ke kawo mu kasuwar Budapest, makon da na binne mijina. Siririya ce mai guntun gashi, sanye da wandon maza. Kwana tara ke nan tana hawa benen kasuwa da akwatin hotonta, tana jiran rana ta sauka kan ƙwan da nake sayarwa, gajimare yana hanawa. Ina zaton abincinta ke nan.

"Baiwar Allah, mutane ake ɗauka, ba ƙwai ba!" in ji Boriska mai kabeji.

Ni dai addu'a nake mata a zuci.

Yau rana ta keto. Ta danna akwatin hoton, ta daka tsalle tana ihu, har mahauta suna tafi. Ta sauko tana haki.

"Inna, gobe hannuwanki nake so. Don Allah kada ki wanke su."