Kunnen Hagu

Bokona bai wuce aji huɗu ba, amma kada a raina ni, don aji huɗun da ba irin na yanzu ba ne. A zamaninmu, in ka kai aji huɗu kai ke karanta wa gari wasiƙa, ko da rabinta daga kanka ka ƙago. Mahaifina ya cire ni shekarar da gona ta fi ƙarfinsa. Na fito da abu uku: sa hannu, ƙidaya da Turanci har ɗari in ba a katse ni ba, sai kuma darasi guda a kan sauti.

Ran nan hedimasta ya kora mu bakin tabkin bayan makaranta. Ya jefa tsakuwa a ruwa, zobe ya buɗe, wani ya bi shi, wani ya bi wannan. Ya ce, "Haka magana take tafiya cikin iska." Sannan ya nuna mana wani mai faskare can ƙetaren tabki. Gatari ya sauka kan icce, shiru. Sai da mutumin ya sake ɗaga shi sama munka ji ƙau! Munka yi ta dariya, mun ɗauka dabo ne. Hedimasta ya ce, "Ido ya fi kunne sauri. Sauti matafiyi ne, kuma a ƙasa yake tafiya. In abu na da nisa, ka yi haƙuri, yana nan tafe."

Na manta sunayen ƙasashe, na manta lissafin rabawa, amma wannan magana ban manta ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Gatawa. Ba za ni faɗi sunansa ba, ba kowa cikinsa yanzu sai gara. Gidana shi ne na ƙarshe, a kan jigawa, gonata kuma tana ƙetaren fadama, inda in na miƙe daga duƙe nakan hango darbejiyar ƙofar gida. A gindinta mai ɗakina take daka. Da munka yi aure, hantsin farko da na hango ta daga gona, sai ga darasin hedimasta a gabana: taɓarya ta sauka, shiru, sai ta kai sama sannan dum ya iso. Na dawo gida ina hura hanci, na ce mata, "Ke, kin san dakanki makara yake yi?" Na yi mata bayani tun daga tsakuwa har gatari. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Malam Aji Huɗu, mu dai furarmu ba ta makara."

Da wannan suna ta riƙa kirana in tana jin tsiya. In ba haka ba, sai "Malam", ko "kai". Sunana na yanka kuwa bai taɓa fita bakinta ba. An raɗa mini sunan ranar da anka haife ni ne, saboda haka har ranar ta sauya wa suna, ta koma kashegarin kasuwa. 'Ya'yanmu sun girma sun ɗauka mako kwana shida ne da kashegarin kasuwa. Na sha tsokanar ta. Nakan ce, "Faɗi sau ɗaya mana, in ji ko kin iya." Takan ce, "Ran da ka fara jin magana, ran nan za ni faɗa." Don a wurinta ni ne shugaban masu kunnen ƙashi. A gyara danga, ban ji ba. A sayar da tunkiyar nan kafin ta mutu, ban ji ba, ta kuwa mutu.

Tunda ba ta kiran sunana, kuma ba ta ɗaga murya a waje, sai turmi ya zama bakinta. In fura ta yi, takan doki gefen turmi da taɓarya sau uku. Dakan ciki dum yake cewa, gefen turmi kuwa ƙwas yake cewa, ba mai haɗa su. In na ji ƙwas uku sai in rataya fartanya in haura. Shekara arba'in da 'yan kai muna haka. Maƙwabtan gona har sunka haddace, sukan ce, "Tashi, an buga maka waya."

Ranar da mutanen daji sunka shigo mana, damina ce, dawa ta kai wuya, hantsi bai gama ɗagawa ba. Ina duƙe na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na ce a raina, yau kuma da wuri haka? Sai na huɗu ya zo, sai na biyar. Na miƙe. Tana gindin darbejiya tana dukan gefen turmi ba tsayawa, hannu bibbiyu. Daga kan jigawa ta hango babura sun ɗauko hanyar gonaki, mu da ke ƙasa ba mu gani ba. Mata sun watse, ita ta tsaya. Duk wanda ke fadama ran nan ya gane, don kowa ya san uku take bugawa. Mutane sunka faɗa cikin dawa, ni ma na durƙusa, amma ban iya ɗauke ido ba.

Na ga ta yar da taɓarya. Na ga ta kai tafin hannu biyu bakinta, ta fuskanci gonata. Na juya kunnen hagu, na jira kamar yadda na saba jira. Iska na kaɗa ganyen dawa, babura na ruri. Ban ji komai ba.

Sai na ga ta faɗi. Bayan ta faɗi ne ƙarar bindigar ta iso. Ita kam ba ta ɓata hanya ba.

Da la'asar munka yi mata sutura, ita da wasu mutum uku. Maƙwabciyarmu, wadda ta ɓoye cikin rumbu dab da darbejiyar, ta same ni bayan an watse. Ta ce, "Malam, ka ji ta?" Na ce na ji turmi. Ta ce, "Ba turmi ba. Sunanka ta kira. Sunanka na yanka, da ƙarfi, sau ɗaya."

Yanzu shekara uku ke nan ina garin Isa, gidan babban ɗana. Kowane hantsi nakan ɗauki tabarma in zauna bakin zaure, in ba arewa, wajen ƙauyenmu, kunnen hagu. Mutanen unguwa sun ɗauka kurumta ce ke sa ni karkata kai, kuma ba su yi ƙarya duka ba, kunnuwan sun fara toshewa. Ɗana ya matsa a kai ni asibiti a wanke su. Nakan ce sai kashegarin kasuwa. Ban faɗa wa kowa abin da nake jira ba. Amma lissafina a tsaye yake: hedimasta ya ce in abu na da nisa yana nan tafe. Murya ce ta tsohuwa, ga gajiyar daka, kuma ni na ƙara mata nisa da na taso Isa. Mai tafiya a ƙasa ai sai a yi masa uzuri.

'Yar ɗan nawa tana babbar sakandare, ajin kimiyya. Ni da ita ba a shiga tsakaninmu. Ina ce mata Malama, ita kuma tana ce mini Tsoho, wani lokaci angona, in tana son goro ta kai wa uwarta. Wata Asabar ta fito zaure da littafi mai kauri, tana haddar jarrabawa, tana ta zana wasu layuka masu hawa da sauka kamar sawun maciji.

Na ce, "Malama, mi anka yi wa macijin ga?"

Ta ce, "Ba maciji ba ne, Tsoho. Sauti ne. Ya fi ƙarfin aji huɗu."

"Sauti? Yarinya, tun ubanki bai san hanyar duniya ba na sauke wanga karatu." Na gyara zama na kawo mata labarin tsakuwa, na kawo mata na gatari. Ta ce duk daidai ne, har ta yi mamaki. Ta ce a daƙiƙa guda sauti yana cin mita ɗari uku da arba'in, ko kusa da haka. Ta ce kuma ba iskar ce ke tashi daga bakin mai magana ta zo kunne ba. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin gonar dawa in iska ta bi ta kanta. Na ce a ciki anka yanke mini cibiya. Ta ce to, kan dawa yana sunkuyawa bi da bi har ƙarshen gona, amma ba karan da ya bar gindinsa. Haka iska take yi, wannan ta ture wannan, wannan ta ture ta gaba.

Na ce, "Madalla. To in nisan ya yi yawa fa? A ce daga wajen Gatawa zuwa nan. Kwana nawa zai yi?"

Ta tuntsire da dariya. "Kwana? Da zai iso, kafin ka gama alwala ya wuce Isa. Amma ba ya isowa. Zoben tabkin naku, ya kai gaɓa da ƙarfinsa? Yana buɗewa yana raguwa, har ya mutu."

"Hedimasta bai ce yana mutuwa ba."

"An cire ka kafin a zo wurin ne. Yana aji biyar."

Na yi dariya don ta ga na yi. Na tambaye ta, in ya mutu ina yake zuwa. Ta ce ƙarfinsa yana komawa ɗan ɗumi cikin iska. Na ce, "Zafi? A Gobir? Lallai an kai wa mai gishiri gishiri." Amma muryata ba ta fita daidai ba, ta kuwa lura. Ta rufe littafin.

"Kaka," ta ce. Ba ta cika ce mini haka ba. "Mi kake jira daga Gatawa?"

Ta san yadda kakarta ta rasu, amma ba ta san zancen suna ba. Na faɗa mata. Ban taɓa faɗa wa ubanta ba. Sai ta jawo tsinke, ta share ƙasa da tafin hannu, ta ce in nuna mata inda darbejiya take da inda na durƙusa. Na nuna. Ta tambaye ni, in an ƙwala kira daga ƙofar gida ranar da ba iska, ana ji a gonar? Na ce ana ji, yara sun sha kirana daga nan.

Ta ce, "To ai ya iso."

Na ce kada ta yi mini ƙaryar tausayi, na girmi wannan.

"Ba tausayi ba ne, lissafi ne. Muryar da ke kai wa gonar ran da ba iska, ran nan ma ta kai, sai dai da rauni. Babura da ganyen dawa ba su tare ta ba, rufe ta sunka yi. Sauti ba ya hana wani sauti wucewa, tare suke shiga. Akwai wata 'yar fata cikin kunne, dodon kunne, duk abin da ya shigo sai ta motsa. Ta motsa da babura, ta motsa da ganye, ta motsa da sunanka. Tun kana durƙushe, tun hannunta na bakinta. Ya shiga, Kaka. Kai ne ba ka ji ba."

Na ce ta nuna mini a littafi. Ta buɗe, ta ɗora yatsa kan wani zanen kunne da anka tsaga biyu. Turancin da ƙananan baƙaƙe yake, kuma ya wuce ƙidayar ɗarin da na iya, amma na ga 'yar fatar, na ga layukan suna isa gare ta.

Na ce, "Wato shekara arba'in tana cewa ba na jin magana, yanzu kuma Turawa sun rubuta a littafi sun goyi bayanta."

Yarinyar ta yi dariya, hawaye na zuba kan zanen, ta sa gefen mayafi tana goge littafin don na makaranta ne. Ni kuma na tuna alkawarin da marigayiya ta yi mini, cewa sai ran da na fara jin magana za ta faɗa. Ta gaji da jira, ta faɗa haka nan.

Ban sake fita zaure da hantsi don jiran komai ba. Ina fita dai, don cikin gida zafi. Ranar kashegarin kasuwa na ce wa ɗana ya kawo babur mu tafi asibitin. Ma'aikacin ya wanke kunnen dama, abin da ya fito ba ya faɗuwa a rubuce. Ya zagayo da abin feshinsa ta hagu, na sa hannu na rufe.

Ya ce, "Baba, ai wannan ya fi toshewa."

Na ce, "Na sani. Akwai ajiya ciki."

Ya dubi ɗana, ɗana ya dube ni. Na ɗauki hulata na ce mu tafi, kunne guda ya ishi mai aji huɗu.