Rakiyar da Na Katse

Shekara goma sha ɗaya Baba yana kai ni filin jirgi, kuma a duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak na tafi ba mu yafi juna ba. Wannan sau ɗayan ne ke zaune mini a ƙirji har yau.

Ba shi ya haife ni ba. Mutumin Maraɗi ne, direban taksi, dogo, siriri, mai furfura a gemu kawai. Ranar da na sauka birnin Greensboro daga gida zuwa karatu, da akwati ɗaya da adireshin da ban iya karantawa daidai ba, shi na tarar a bakin ƙofar filin jirgi. Ya ji ina gunaguni da Hausa, ya ɗauke akwatin bai tambaye ni ba. Wata biyu na kwana a falonsa a unguwar Glenwood kafin na sami ɗaki, matarsa Hajiya tana ciyar da ni kamar ɗan da ta haifa. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Tun daga lokacin nake kiransa Baba, kuma ban taɓa jin kalmar ta yi mini nauyi a baki ba.

Baba mutum ne da ba ya sallamar matafiyi a bakin titi. Zai ajiye mota, ya ɗauki jakata ko da ba nauyi, ya shigo da ni ciki. Filin jirginmu ƙarami ne, amma da sassafen Litinin layin bincike yakan yi tsawo, ya nannaɗe tsakanin igiyoyi, ka je ka dawo, ka je ka dawo. Baba yana da wurinsa, jikin igiya ta waje, kusa da wani ginshiƙi. Duk sanda layi ya juyo da ni sai mu yi gaba da gaba, kuma a nan ne yake maganarsa. A mota ba ka jin komai daga bakinsa sai labarin ruwan sama da tsadar taya. Magana ta gaske sai an zo igiya.

Juyi na farko, tambaya ce: «Ka ɗauki takardunka duka?» Na biyu, nasiha: kada in bar salla don kunyar mutane. Na uku, abin da ke ransa. A juyi na uku ya gaya mini yayansa ya rasu. A juyi na uku ya ce in daina yi wa matata tsawa a gaban yara, ya gani, bai so ba. Sannan a juyi na ƙarshe, daf da mai duba takardu, sai ya miƙo hannu ta saman igiya.

«Bon. Tahiya ce, ba a san rai ba. Mu yahi juna.»

«Na yafe, Baba. Ni ma a yafe mini.»

«Na yahe duniya da lahira.»

Na sha jin kunyar wannan, ba zan ɓoye ba. Turawa na bayana suna jira, ga ni riƙe da hannun tsoho muna ta yafe wa juna laifin da ba wanda ya yi.

Bayan na gama karatu na sami aikin injiniya a wani kamfanin Japanawa. Muka koma unguwar Sedgefield, gida mai ciyawa a gaba, maƙwabta ba ka ganinsu sai a cikin mota. Aikin ya zo da tafiye-tafiye, ya kuma zo da darasin ladabi. Sai da aka zaunar da mu aka koya mana yadda ake miƙa katin suna da hannu biyu, yadda ake karɓa a duba shi da kyau kafin a ajiye, yadda ake sunkuyawa da iyakar sunkuyawar, wanda ke fara shiga ɗaki, wanda ke zama kusa da ƙofa. Ni kuwa na haddace kamar karatun allo. Ina dawowa gida ina yi wa matata bayani, ita tana dariya tana cewa duk wannan ai kakata ta iya shi ba tare da an biya malami ba. Ban ji ta ba, don a lokacin kaina ya yi girma.

Da tafiyar ta yi yawa, kamfanin jirgin ya ɗaga mini matsayi. Suka aiko da kati, suka ce daga yanzu ina da damar bin layin manya a wurin bincike, wani ɗan siririn layi a gefe, miƙaƙƙe, babu lanƙwasa. Ba kowa ke shiga ba, sai wanda ya tara tafiya ko mai tikitin gaban jirgi. Na yi murna fiye da yadda ya kamata babban mutum ya yi murna da ɗan guntun roba. Amma tafiya biyu da Baba ya kai ni bayan haka, na bar katin a aljihu na bi dogon layi, domin ban san yadda zan gaya masa ba.

Sai tafiyar Japan ta zo, ta kwana goma, ni da shugaban sashenmu. Bajapane ne, dattijo, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda nake tsoro kuma nake son ya yabe ni. Kamfani ya ce zai turo mota, na so in karɓa, amma Baba ya bugo tun jajibere.

«Ina zuwa bayan asuba. Akwai magana.»

Ya zo da tsohuwar motarsa mai ƙamshin turare da citta. Na lura ya rame, na lura yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan a kan cinya. Na tambaye shi lafiya, ya ce lahiya lau, sannan ya shiga labarin ramukan da ke kan hanyar filin jirgi. Na san halinsa, na san sai mun kai igiya, don haka ban matsa ba. Kaina ma yana kan takardun da zan gabatar.

Muna shiga, ga shugabana tsaye yana jirana, ya riga ni zuwa, abin da ba a so ƙarami ya bari ya faru. Na sunkuya na ba da haƙuri. Ya dubi Baba, wanda ke riƙe da jakata, da hularsa da silifas da safa, ya tambaye ni da Turanci ko wane ne wannan.

Na ce direbana ne.

Ban yi shiri ba, ban yi tunani ba, haka kawai ta fito, sumul. Mutumin da bai taɓa kunna mini mitar kuɗin taksi ba ko sau ɗaya. Baba ya fi shekara ashirin yana ɗaukar fasinja a garin nan, Turancinsa ya ishe shi jin wannan kalma. Fuskarsa ba ta canza ba. Shugabana ya sunkuya masa, shi ma ya ɗan rusuna, hannu a ƙirji. Ya miƙo mini jakar da hannu biyu, ya ce, «To, bari in je wurina,» ya nufi ginshiƙinsa.

Layi ya cika maƙil ranar, lokacin babbar kasuwar baje kolin kayan ɗaki ta yankin ne, baƙin da suka zo suna komawa. Shugabana ya duba agogo, ya nufi siririn layin. An koya mini ba a barin babba ya jira, ba a rabuwa da shi a hanya. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Gaskiyar kuwa ita ce ba na iya tsayawa gaban Baba sau huɗu bayan abin da na faɗa. Na ciro katin, na bi bayan shugabana. Siririn layin yana ta ɗaya gefen, taron mutane ya shiga tsakaninmu da ginshiƙin. Minti uku ba su cika ba mun kai gaban mai duba takardu. A nan shugabana ya tsaya, ya juya gaba ɗaya, ya sunkuya wajen da Baba yake. Ni ina duƙe ina kwance igiyar takalmin da ba wanda ya ce in cire.

Na ce a raina zan kira Baba in na sauka. Da na sauka na ce sai na huta. Da na huta na ce magana irin wannan ba ta waya ba ce, sai na koma in je gida in durƙusa. Na sayo masa hula mai ɗumi da koren shayi, na ji kamar na rage wani abu.

A Japan kuwa na zuba ladabi. Na cire takalmi inda ake cirewa, na jera su suna kallon ƙofa. Ban ɗaga murya a jirgin ƙasa ba. Ranar da muka gama da wata masana'anta, masu masaukinmu suka fito da mu har bakin titi, suka tsaya a jere cikin yayyafi suna sunkuyawa har motarmu ta kusa shan kwana. Shugabana ya taɓa ni ya ce in waiwaya, domin ba za su shiga ciki ba sai sun daina ganinmu, kuma baƙo mai ladabi yakan juya ya amsa. Na waiwaya, na sunkuya ta bayan gilashi ga mutanen da ban san su ba kwana uku da suka wuce.

Muka sha kwana. Sai shugabana ya ce, ba tare da ya dube ni ba, wancan dattijon na filin jirgi ɗan'uwan mahaifina ne ko? Na ce me ya gani. Ya ce ya hau motar haya a ƙasashe da yawa, bai taɓa ganin direba ya tsaya yana neman fasinja a cikin layi da ido haka ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A rana ta bakwai matata ta bugo. Ashe an shirya yi wa Baba aikin zuciya kwana biyu bayan tafiyata, ba wanda ya sani sai Hajiya. An yi aikin, ya farfaɗo, har ya sha kunu. Daga baya jini ya toshe masa a kai, ɓarin jiki ya mutu, magana ta ɗauke.

Na bar sauran aikin na kamo hanya. Katin ya yi aikinsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ko'ina aka buɗe mini igiya, aka sunkuya mini, aka shigar da ni jirgi kafin kowa, jakata ta riga ta kowa fitowa. Na tsani kowace ƙofa da aka buɗe mini. Duk saurin nan bai rage ko taki ɗaya daga nisan teku ba, sai da na kwashe yini da kwana kafin na taka Greensboro.

Daga filin jirgi na wuce asibiti. Hajiya tana zaune a bakin ɗaki da carbi, mata biyu 'yan Nijar suna gefenta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi hanya, ta tambayi aiki, kamar ba komai. Sannan ta ce:

«Ranar nan ya daɗe bai dawo ba. Ya ce ya tsaya har layi ya ƙare, wani ya taru, shi ma ya ƙare, bai ga wucewarka ba. Ya ce ƙila idonsa ne ya fara lalacewa.»

«Bai ce komai ba kuma, Hajiya?»

«Ya ce mai gidanka na wurin aiki mutumin kirki ne, ya san girman mutane.»

«Maganar da ya ce yana da ita fa?»

«Ta aikin zuciyar ce, ina jin. Ko akwai wata, bai gaya mini ba. Ya ce in ka dawo.»

Na shiga. Autarsa tana ciki, budurwa 'yar jami'a, haifaffiyar nan, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Baba yana kwance, ya ƙanƙance cikin zanin gado, ba hula, bakinsa ya karkace gefe. Idonsa ɗaya a buɗe. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ranar.

Na durƙusa a gefen gadon na kama hannunsa na hagu, wanda ke motsi. Na shirya magana mai tsawo a cikin jirgi, ta gudu duka. Na ce, «Baba, ni ne. Na dawo.» Na ce, «Abin da na faɗa ranar nan, ka ji shi, na san ka ji. Ni ɗanka ne, ba ni da wani uba a ƙasar nan. Na bi ta wani layi ne, ba idonka ba ne. Don Allah ka yafe mini.»

Sai yatsunsa suka matse nawa. Sau ɗaya, da ɗan ƙarfi, suka saki.

Na kifa kaina a kan katifar ina kuka kamar ƙaramin yaro. Autar ta dafa kafaɗata, ita ma tana hawaye, ta ce mini a hankali da Turanci kada in sa rai da yawa, tun jiya yake yin haka ga duk wanda ya taɓa hannun, har da mai gwada jini, kuma likita ya ce hannu ne kawai ke yi, ba lallai yana ji ba. Ba don ta cuce ni ta faɗa ba, yarinya ce da aka koya wa faɗin gaskiya.

Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa, ban san sanda ta shigo ba. Ta ce, «Ya ji ka.»

Ya rasu ranar Juma'a da hantsi, ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Shekara huɗu ke nan, kuma har yau ban san maganar wa zan ɗauka ba, ta uwar ko ta 'yar.