Ƙahon da na sa anka yi wa jikata

Shekarar da anka hana sallar jam'i saboda korona, damina uku bayan rasuwar mai gidana, a lokacin ne jikata ta fara ciwo. Ɗiyar ɗana na fari ce. Tun da anka yaye ta anka kawo mini ita Ɗan Kassari, shi yana can Dogon Dutsi da shagonsa. Shekararta tara, tabarmarmu ɗaya, ƙwaryar furarmu ɗaya.

Ta yi fari fat, ƙasusuwa na yi mata ciwo, sai ga tabo baƙi-baƙi a bayanta kamar an dake ta. Ni da na goya tara, ba a koya mini mataccen jini. Na aika anka kira wanzami.

Ta ce, "Kaka, ke ya kamata a yi wa, ke ce tsohon jini."

Na ce, "Kwanta, mai bakin tsiya."

Ƙaho huɗu ya kafa mata. Da ya cire, jini ya ƙi tsayawa. Ya sa toka, ya sa garin magani, zanena ya jiƙe har na canja wani. A amalanken jaki munka kai ta bakin hanya. Ubanta ya tare mu, ya ɗauke ta, bai dube ni ba. Daga gidan likita na Dogon Dutsi anka wuce da ita Yamai.

Wata biyu ba wanda ya ce in zo. Da na gaji na shiga mota ni kaɗai.

Na iske ta ba gashi ko ɗaya, ana yi mata ƙarin ruwa mai magani. Na tare likitan a ƙofa na ce, "Ɗan nan, kada ka ji nauyin furfurata. Ni na sa mata wannan?"

Ya zaunar da ni. Ya ce sankarar jini ce, cikin ɓargo take, inda ake saƙa jini. Akwai wasu zarurruka ƙanana da ido ba ya gani, guda biyu sun tsinke sun ƙullu da juna ba daidai ba, sai ɓargon ya riƙa zubo jini ɗanye wanda ba ya aiki, ba ya ma iya daskarewa. Ba gado ba ne, ba ƙaho ba ne. Ya ce irin nata an san shi, yana da ƙwaya tasa ta kansa da za ta sha kullum, a haɗa da na ruwan.

"Amma Inna, ƙahon ya kusa kai ta lahira. Kada a sake."

Na ce, "Na ji. Faɗa wa uban."

Ya faɗa masa a gabana, duka biyun: ba ƙahon ya kawo ciwon ba, amma ya kusa kashe ta. Ɗana ya ce, "To, Allah shi kyauta." Ya kakkaɓe ɗangalallen wandonsa ya fita.

Da ciwon ya lafa anka sallame su. Na share ɗaki, na sa anka gyara ƙofa. Sai saƙo ya zo: yarinya za ta zauna Yamai wurin ƙanwar uwarta, kusa da masu auna jini. Maƙwabciyata ta ce in je in roƙe shi, ko hutu ne a riƙa kawo ta. Ɗan fari ne. Sunansa ban taɓa kira ba, ido da ido ba mu taɓa doguwar magana ba, yau in durƙusa masa? Ban je ba. Shi ma bai tambaya ba. Hatsi dai yana aikowa, ba ya fashi.

Wanzamin ya rasu bara. Maƙwabciyar tawa ta bi shi kafin girbi. Likitan an ce yana nan. Ɗana yana nan. Yarinyar tana nan, ta fi uwarta tsawo, tana shan ƙwayarta kowace safiya, ranar salla a kan ba ta waya ta gaishe ni. Ni ma ina nan, ina dama furar mutum ɗaya.