Zaren da Na Yanke

Mu huɗu ne, a wani gareji a Badariya da mai gidan ya daina sa mota a ciki. Ni nake waƙa, in ihu ya isa a kira shi waƙa. Akwai mai jita, akwai mai fiyano, wani Kirista ɗan Gesse da ya koyi kiɗa a coci, sai mai gangarmu, ɗan Argungu da ya zo Birnin Kebbi karatu yana zaune wurin kawunsa. Kiɗanmu ba daɗi gare shi ba. Hayaniya ce zalla, da gangan muke yin ta, muna zagin masu sayar da ƙwaya da masu ɗaure musu gindi. Dattawan unguwa in sun gan mu da yagaggen wando da gashi buzu-buzu sai su ce ga 'yan shaye-shaye nan. Abin yana ƙona min rai, yana kuma sa ni jin kai, domin ko sigari babu mai taɓawa a cikinmu.

Ni na kawo dokar. Yayana kodin ya cinye shi ina kallo, har ya kai ba ya gane mahaifiyarmu, don haka ba ni da sassauci a kan maganar ko kaɗan. Kowannenmu ya ɗaura baƙin zare a wuyan hannun hagu. Wanda ya sha giya, ko wiwi, ko ƙwaya, a yanke zarensa a gaban kowa, kuma ko gaisuwa ta ƙare tsakaninmu da shi. Lokacin da na faɗi haka har tafa min suka yi. Mai ganga ya fi kowa tafawa.

A shekararmu ta biyu mahaifin mai gangar ya kwanta ciwon ƙafa daidai lokacin dashen albasa. Dole ya koma Argungu ya riƙe fadama shi kaɗai. Ya daɗe bai zo ba, sai wata Asabar da la'asar muna gwaji ya shigo. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Bai ko kalli gangar ba, ya zauna a kan benci ya ce yana da magana.

"Tiramol nika sha," ya ce. "Wata ukku ke nan. Ban ruwa tun asuba har yamma, bayana kamar shi tsage, 'yan ƙodago sunka ba ni guda. Yanzu in ban sha ba jikina rawa shikai. Ku bar ni in zamna nan gareji. Ku kulle ni in ta kama, har ta hita jikina."

Na ce masa ya miƙo hannu.

Mai fiyano ya tashi tsaye. "Haba, ɗan'uwa! Da ƙafarsa fa ya zo. Wa ya kama shi?"

"Doka ce," na ce. "In munka ɗaga mai yau, gobe wa za mu hana?"

Da rezar da muke fere wayar lasifika na yanke. Bai yi gardama ba, shi ya ma juyo min hannun don in ji daɗin yankewa. Ya ɗauki sandunan gangarsa biyu ya fita. Gaskiya ranar ban ji tausayinsa ba. Abin da na ji shi ne na cika namiji, na tsaya a kan magana, kuma har yau in na tuna wannan jin sai in ji ƙyamar kaina. Ya kira ni sau da yawa bayan nan, ban ɗauka ba. Sau ɗaya na hango shi a tashar Argungu, na sauya hanya. Mun samu wani mai ganga, muka ci gaba da ihunmu a kan masu lalata matasa.

Bayan shekara da wani abu kawun tsohon mai gangarmu ya aiko mana cewa yaron ya rasu. Farfaɗiyar da ƙwayar ke kawowa ta kama shi yana gyara injin ban ruwa, ya kifa cikin rami. Ruwan bai kai gwiwa ba.

Ni da mai fiyano muka tafi Argungu ta'aziyya. Mun tarar da mahaifin marigayin a kan tabarma a ƙofar gida, ƙafar a miƙe, an naɗe ta da tsumma. Da kawun ya gaya masa ko su wane ne mu, sai tsohon ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai ne mai waƙar? Allah shi yi ma albarka, ɗana. Duk Asabar sai ya wanke kayanai ya ce za shi Birni wurinku, har satin da ya rasu. Ranar ɗai nika samun kwanciyar rai, don na san ku ba ku shan komi. Allah shi saka muku da ba ku guje shi ba."

Ban san inda yake zuwa a waɗannan Asabar ɗin ba, kuma babu wanda zan tambaya. Mai fiyano ya sunkuyar da kai. Tsohon yana riƙe da hannuna yana jira, mutanen da ke tabarmar duk sun ɗaga hannu. Na ce amin.