Ƙarar da Baba Kunne Bai Ji Ba

Ni ce mai sito a kamfanin da ke sayar wa masu hannu da shuni motoci, kuma shekarata goma sha tara ina zaune a bayan tagar da makanikai ke zuwa karɓar kayan gyara. Tagar tana kallon gareji kai tsaye. Saboda haka abin da zan faɗa a kan Baba Kunne da idona na gani, ba wani ya ba ni labari ba.

A wurin na same shi. Gajere ne kakkaura, ba ya son surutu, ba ya kuma son a taɓa masa akwatin sifanoni. Sunan kuwa aikinsa ne ya ba shi. Mota za ta shigo, mai ita bai ko kashe inji ba, sai ka ji ya ɗaga murya: "'Yar Sito, fito da bel ɗin fanka." In ce, "Baba, ko bonet ba ka buɗe ba!" Ya ce, "Ke dai fito da shi." A buɗe, a tarar bel ɗin ne. Idan ciwon ya ɓuya, yana da wani dogon sukundireba mai mariƙin katako, sai ya dafa tsininsa a jikin inji, ya manna mariƙin a kunne, ya rufe ido. A lokacin ko manaja ne ya shigo dole ya yi shiru. Da wannan kunnen ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya kai auta har jami'a.

To, duniya ta juya, kamfani ma ya juya da ita. Masu saye suka zama matasa, su kuma ba ruwansu da doguwar mota mai nauyi irin ta iyayensu. Aka rushe ɗakin baje motoci aka mai da shi gilashi. Aka kawo manyan motoci masu tsawon ƙafa, da allo a gaba ya kai faranti girma, daga baya kuma aka kawo masu aiki da lantarki, waɗanda ke wucewa ta bayanka ba ka sani ba sai ka ga inuwa. Aka ɗauko wata yarinya da muke kira Injiniya, tana jona kwamfuta a mota, motar ta faɗa mata inda ke mata ciwo. Yarinyar kirki ce, ta kuma san aikinta, amma Baba Kunne ko gaisuwarta da ƙyar yake amsawa.

Tsofaffin masu saye suka fara guna-guni. Wani tsohon alƙali ya zo ya buɗe ƙofar sabuwar mota ya rufe har sau huɗu, ya ce ƙarar rufewar ba irin ta da ba ce, ya juya ya tafi abinsa. Da ƙorafi ya yi yawa, can inda ake ƙera motocin suka yi dabara: suka sa wa ta lantarkin lasifika mai fitar da gurnanin inji idan an taka totur. Ranar da aka kunna mana, Baba Kunne ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce, "Yau na ga motar da ke kwaikwayon mota." Na yi dariya har da riƙe ciki.

Manajanmu ba wawa ba ne. Ya gane cewa tsofaffin nan su ne ke kawo 'ya'yansu da surukansu, in suka yi fushi an rasa gida guda. Sai ya ware kusurwa ɗaya a gareji ta tsofaffin motoci kawai, da kujerun fata da shayi, ya damƙa wa Baba Kunne. Har mai hoto aka kira. Aka ɗauke shi da sukundireba a kunne, ido a rufe, aka buga hoton ya fi shi kansa tsawo, aka kafa a bango. Tsofaffi suka dawo, kowa sai ya ce shi dai Baba Kunne zai saurara masa.

Abin da manaja bai sani ba, kunnen ya riga ya fara tafiya.

Ni na fara ganewa. In kira shi ta baya sau uku bai juyo ba, in zagayo gabansa ya amsa nan take. Wata rana matarsa, wadda nake kira Yaya, ta biyo kawo masa maganin hawan jini da ya manta, ta raɓo tagata ta ce, "Ƙanwata, rediyon gidanmu yanzu har maƙwabta na ji. Na yi magana ya ce ni ce na cika mita." Da na tare shi a bayan sito, sai ya sha mur. Sannan ya ce, "Na hagu ya mutu. Na dama saura kaɗan. Idan kika faɗa, ba ni ba ke har abada."

Ban faɗa ba, kuma wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Tausayinsa nake ji. Mutum ya shekara talatin ana kiransa da abu, ka ce ya fito ya ce abin babu?

Yadda ya riƙa tsira kuwa abin mamaki ne. Shekarun da ya yi sun sa ya san ciwon kowace mota da shekarunta, ya san wadda famfon ruwanta ke gajiya da wadda shokazobarta, mai rage girgizar rami, ke kwancewa. Sauran kuma a fuskar mai mota yake karantawa. Zai ce, "Ranka ya daɗe, mu ɗan zaga." Ya zauna a gefe, kai ka ce hanya yake kallo, alhali fuskar mai tuƙi yake satar kallo. Duk mai mota, idan ƙarar da ke damunsa ta fito, sai ya yamutsa fuska ko ya karkata kai. Baba ya lura a ina ne, a rami ne, a kwana ne, ko wajen taka birki, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Na ji ta." Sau tara cikin goma yana dacewa. Na goman ne ke hana ni sakewa.

Ana haka Likita ta zo. Tsohuwa ce da ta yi ritaya daga aikin tiyata, ta haura saba'in amma ita ke tuƙa kanta, a wata koriyar mota da ta saya tun kafin in fara aiki. Manaja ya yi ta lallashinta ta canza, ta ce ita da motar tare za su tsufa. Ran nan da safe ta ce jibi za ta kai jikarta makaranta, tafiyar awa bakwai, kuma tana jin wata 'yar ƙara da ba ta gane ba.

Baba Kunne ya zo tagata, goshinsa duk gumi. Ya ce, "'Yar Sito, matar nan ba a karanta fuskarta. Shekara arba'in tana faɗa wa mutane mugun labari, ko gira ba ta ɗagawa. Ki shiga baya. Idan kin ji ƙara, ki zungure ni."

Na ce, "Ni? Baba, ni lambar kaya na sani, ina ni ina ƙarar mota?"

Ya ce, "Don Allah."

Bai taɓa haɗa ni da Allah ba sai ranar. Na rufe taga na bi su, na ce wa Likita zan sauka a hanya.

Wayyo ni! Ashe tsohuwar mota duk jikinta ƙara ne. Kujera na ƙara, gilashi na ƙara, wani abu a but yana gungurawa. Muka faɗa rami na zungure shi. Muka sha kwana na zungure shi. Babur ya wuce, don ruɗewa na sake zungurarsa. Likita kuwa hannu biyu a sitiyari, fuska kamar an shafe bango. Can muka hau miƙaƙƙen titi, ta ƙara wuta, ta ce cikin natsuwa, "Ga ta nan. Ka ji?"

Bai amsa ba, don kansa na kallon gaba, bai ga bakinta ba. Ta sake cewa, "Malam, ka ji ta?" Na kai masa zunguri mai ƙarfi. Ya juyo ya dube ta, ya kuma waiwayo ya dubi kujerar da nake zaune, inda jibi yarinya za ta zauna. Na san abin da zai iya cewa. Zai iya cewa shokazoba ce, a canza, wataƙila ma ya dace.

Sai ya ce, "Likita, ki tsaya a gefe."

Ta tsaya. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa ya ce, "Ban ji ba. Ba yau ba. Shekara biyu ke nan ba na jin komai a mota."

Likita ta kashe inji, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. Ta ce, "Bara na kawo maka ita kafin in yi tafiya. Ka sa ƙarfen nan naka a kunne, ka ce lafiyarta ƙalau. Ka ji, ko ba ka ji ba?"

Ya ce, "Ban ji ba."

Ta ce, "Da maganarka na ɗebi jikokina uku a cikinta."

Da ma zaginsa ta yi da ya fi sauƙi. Ta tayar da mota muka juyo gareji. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige, don ta madubi ta kalle ni sau ɗaya, na san ta gane abin da ya sa ni a bayan motar.

Muna isa, a gaban kowa, ya taka har teburin Injiniya. Ya ce, "'Yata, zo ki ara mini kunnenki." Yarinyar ta miƙe tsaye don mamaki. Ta fita da motar ta dawo, ya tsaya a gabanta yana kallon bakinta yana tambaya. Ƙarar kuka ce ko ƙwanƙwasa? Tana ƙaruwa da gudu? Idan an karya hagu tana raguwa ko tana ƙaruwa? Da ta gama amsawa ya ce, "Boris ɗin tayar baya ne, na dama." Aka ɗaga mota aka cire tayar. Boris ɗin, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya cinye har ya yi shuɗi don zafi. Injiniya ta ce ita ba ta ga yadda zai kai awa bakwai ba.

Da la'asar Baba ya shiga ofishin manaja da kansa. Manaja ya so a rufe maganar, ya ce a saya masa na'urar ji ƙarama, ya ci gaba da sa sukundireba a kunne, ai tsofaffin abin da suke son gani ke nan, Injiniya ta riƙa dubawa ta bayan fage. Baba ya ce a'a. Ya ce a sauke hoton, kuma duk wanda ya zo shi zai faɗa masa da bakinsa. Haka ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Tsohon alƙali bai sake dawowa ba. Wasu suka ce ba komai, amma ka ga idonsu na neman Injiniya. Manaja bai kore shi ba, ya haɗa su aiki su biyu, ita ta saurara, shi ya yi tambaya, kuma wallahi gyaran ya fi na da kyau.

Likita ta yi tafiyarta lafiya. Bayan wata uku ta dawo canjin mai. Ina kallo ta taga, Baba Kunne ya goge hannunsa a tsumma ya tako wajenta, ya buɗe tafin hannu don karɓar makulli yadda ya saba tun tana da baƙin gashi. Ta tsaya daf da shi, ta gaishe shi a hankali tana buɗe baki sosai don ya gane, ta tambayi Yaya da auta, ta rubuta masa sunan wani likitan kunne a takarda ta sa masa a hannun. Sannan ta wuce shi ta miƙa wa Injiniya makullin.

Ya tsaya da takardar a hannu har suka shige. Da ya zo tagata na kasa haɗa ido da shi, na shiga lalube a kanta kamar ina neman wani abu. Ya ce, "Ta yi daidai, 'Yar Sito. Ba ni matatar mai."