Hanya Biyu, Ma'ajiya Ɗaya

A shekarar da aka fara janye tallafin man fetur, mutane suka fito kan tituna, ni ne mai kula da kwamfutocin wata ƙungiya a Gwarzo. Aikinmu shi ne ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen ajami daga gidajen malamai, mu adana, mu mayar wa masu su. Ni ɗan makarantar allo ne kafin boko. A Kabo na yi karatu wurin wani malami, Allah ya jiƙansa, wanda ya koya mini riƙe alƙalami. Ba ya barin rubutu mai daraja sai ya yi shi kwafi biyu, kuma a kan wannan na tashi.

Bayan rasuwarsa, ni da kaina na je wurin matarsa, Inna, na roƙi gafakarsa. Sai da na yi zuwa uku sannan ta yarda. Akwai wasiƙunsa a ciki, da waƙoƙin wa'azi, da wata doguwar addu'a da ya tsara wa iyalinsa. Na ɗauki hoton kowane shafi, ina karantawa ina jin muryarsa.

Hotunan suna cikin akwatin ajiyar bayanai, wanda igiyoyin waya biyu suka haɗa da babbar kwamfutarmu, don in ɗaya ta katse ɗayar ta ci gaba. Akwai saitin da ke sanar da kwamfutar cewa hanyoyin biyu wuri ɗaya suke zuwa. Ban kammala shi ba. Sai ta riƙa nuna mini faifai biyu, ni kuwa na ji daɗi, na ɗauka kwafi biyu ne irin na Malam. Da wuri ya cika, aka ce babu halin sayen ƙari, sai na goge ɗaya don in samu fili. Na buɗe ɗayan, na tarar babu komai.

Da na je wurin Inna a lokacin, da na sake aro gafakar da na riga na mayar mata. Kunya ta hana ni, kullum ina cewa gobe. Da damina ta zo, ɗakin Malam ya rushe, ruwa ya jiƙe takardun. Inna ta aiko a tambaye ni hotunan, na ce wutar lantarki ce ta lalata na'ura. Shekara shida ina sauya hanya in na shiga Kabo, don kada in bi ta ƙofar gidanta. Ba abin da nake kewa kamar yadda Malam ke jan wutsiyar harafin nun.

'Yan'uwa ma'aikata, kada ku goge komai sai kun duba lambar faifan, kun tabbata abin da kuke gani biyu ne da gaske. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa tun ana iya gyarawa.

Bara na zauna na rubuta addu'ar nan da ka, ita kaɗai na haddace. Na kai wa Inna, na durƙusa na faɗi gaskiya. Ta ce tun tuni ta gane, don wutar lantarki ba ta hana mutum zuwa gaisuwa. Ta kai takardar kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce wannan nun ɗin na Malam ne. Ta ce ta yafe, in karanta mata.